Rabin Ɗakin da Na Tona a Tudun Ingila

Mubarak, Nusaiba, Kamalu,

Tun ranar da Nusaiba ta dawo daga bikin nan na Kano, ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado tana murza gefen mayafinta, na san an gaya mata wani abu. Sai da na matsa mata sannan ta ce wai a wajen kamu wata tsohuwa ta nuna ta da baki, ta ce ai wannan ce 'yar marigayi Lawan na Dubai, wanda ƙanwarsa ta baro boko ta zo ta haye kan kasuwancinsa tun kabarinsa bai bushe ba. Wata kuma ta gyara mata zance, ta ce a'a, ai matarsa ce ta ɗaure ƙanwar da koke-koke har ta kashe mata karatu. Duka biyun na sha ji, ban taɓa tanka wa kowa ba. Amma yanzu Ummanku ta bi Abbanku, ni ma jiki ya fara gaya mini gaskiya, kuma ba na so abin da za ku riƙe game da mu ukun ya zama zancen gidan biki. Ku zauna ku ji daga bakin Gwaggonku.

Shekarar da abin ya faru ina Ingila. Na haura arba'in, aurena ya daɗe da mutuwa, Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma bayan na gaji da koyarwa sai na samu gurbin karatun digirin ƙarshe a fannin binciken kufai. Mutanen gida ba su taɓa gane aikin ba. Baffa Isa, ƙanin mahaifinmu, cewa yake Rabi ta tafi Turai haƙar kabarin kafirai. Yaya Lawan kaɗai, wato Abbanku, yake tsaya mini. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta a kan kekensa, kuma duk wanda ya yi mini dariya sai ya ce, "Ku ƙyale ta, ai ita tun tana rarrafe take tonon ƙasa."

Wurin da muke aiki wani tudu ne can arewacin ƙasar, inda babu bishiya ko ɗaya, sai ciyawa da tumaki da iska mai shiga har ƙashi. Su a wajensu lokacin zafi ne, amma ni riga uku nake sakawa. Idan ka tsaya a ƙasa ba abin da za ka gani. Sai ka hau, rana ta karkata, sannan inuwa ta fito maka da zanen gari a jikin ciyawa: ga da'irar ɗakuna na dutse, ga katangar da ta zagaye gidan, ga iyakokin gonaki sun gangara siri-siri, ga tsibin duwatsun da manoma suka tsince daga gona suka tara a gefe, ga burtali tsakanin katanga biyu inda suke kora dabbobi zuwa kiwo. Kusan shekara dubu biyu ke nan, lokacin da Rumawa ke mulkin ƙasar. Su Rumawan suna can kwari da sojojinsu da manyan hanyoyinsu. Waɗannan kuwa talakawa ne 'yan ƙasa, suna noman sha'ir, suna kiwo, babu wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu. Ranar da na fara ganin wurin sai da na tsaya cak, domin ya yi kama da kufan kakanninmu da ke kan dutse a bayan ƙauyenmu, inda Yaya yake kai ni tsinkar kanya.

Shugabar aikin wata tsohuwar Baturiya ce, Madam Helen, 'yar siririya mai farin gashi, ba ta da yawan magana. Ita ta ba ni ɗaki ɗaya ya zama nawa, ƙarami, a can gefen gidan, kusa da wata 'yar gona da aka kewaye ita kaɗai. A kansa zan rubuta digirina. Muka raba shi biyu da igiya kamar yadda ake yi, na fara da rabin gabas. Da ɗan cokalin magina da buroshi nake bi, a durƙushe, daga safe har yamma, cikin yayyafi. Na samu dokin ƙofa, wani faffaɗan dutse da ƙafafu suka cinye tsakiyarsa har ya yi santsi. Na samu gefen murhu da gawayinsa, da ƙwayoyin sha'ir da suka ƙone, da tsingaro, da guntun awarwaron gilashi mai ruwan bula wanda ba zai shiga hannun babba ba. Ina gaya muku wannan ne don ku san ba wahala na gudo ba. A duk rayuwata ban taɓa jin daɗin wani abu kamar durƙuson nan a cikin taɓo ba.

Waya ba ta kamawa a wurin sai an je jikin wata katanga a sama. Rannan da hantsi, muna hutun shan shayi, na hau don in duba saƙo, sai ga kiran Ummanku ya shigo. Anti Asabe ba ta taɓa kirana da kanta ba, kullum Yaya ne ke miƙa mata waya mu gaisa.

"Rabi," ta ce, "Yayanki ya faɗi."

"Ya faɗi a ina, Anti?"

"A sito, can tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Suna loda kwantena. An kai shi asibiti, ba ya magana. Rabi, Turancinsu nake ji kamar ruwa, ban san me suke ce mini ba."

Na sauko na gaya wa Madam Helen. Ta dafa kafaɗata ta ce in tafi, za su lulluɓe ɗakina da tamfol, ba wanda zai taɓa shi sai na dawo. Na ce mata mako biyu. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

Kun san zafin Dubai a tsakiyar shekara, amma ba ku san yadda yake ga wanda ya fito daga kan wancan tudun ba. Ina fita daga filin jirgi na ji kamar an kifa mini tukunya. Alhaji Mamman, mutumin Damagaram, aminin Abbanku kuma maƙwabcinsa a harkar kago, wato jigilar kayan 'yan kasuwa, shi ya ɗauko ni. A mota ya ce mini hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye, harshe ya karye.

"Hajiya, sai haƙuri," ya ce. "Likitoci sun ce shwayya shwayya, sannu a hankali. Amma bon, gaskiya zan gaya miki, aikin nan ba ya jiran mara lafiya."

Ban gane nufinsa ba sai da aka kwana biyu. Wayar Yaya tana hannun Anti, ba ta daina ƙara ba. Matan Kantin Kwari da 'yan kasuwar Sabon Gari, masu atamfa, masu takalma, masu kayan kicin, kowa ya bar wa Alhaji Lawan kayansa amana ya koma gida yana jira. Wasu su yi jaje sannan su tambayi kaya, wasu su tambayi kaya su manta da jajen. Anti takan kalli wayar kamar maciji, ta tura mini. Haka na fara. Ni da ban san bambancin kwantena ƙarama da babba ba, na koyi hanyar Jebel Ali, na koyi zaman jiran takardar kwastam, na koyi yi wa direbobi tsawa da yalla yalla, wato maza-maza. Na kira Madam Helen na ce mako biyun ya zama wata guda. Da wata ya cika na sake kira. Ta ce kada in damu, ruwan sanyi ya kusa, za su rufe aikin bana; manomin da ke da tudun ya yarda su dawo baɗi, amma baɗin ce ta ƙarshe, yana son filin tumakinsa.

Aka sallamo Yaya muka dawo da shi fulat ɗinmu na unguwar Karama, wancan na hawa na uku da ke saman shagon ɗinkin 'yan Indiya. Mubarak, kai za ka tuna, kai ka bar mini gadonka ka koma falo. Gidan ya cika da muryoyi amma babu tasa. Ummanku tana kicin tana magana da tukwane, ita kaɗai, kamar yadda ta saba in ranta ya ɓaci. Nusaiba tana bitar hadda da ƙarfi a bakin ƙofarsa wai don ya ji. Kamalu kana ta tambaya yaushe Abba zai daina fushi da mu. Shi kuwa yana kan kujera a jikin taga, mutumin da in ya yi dariya a kasuwar Deira ake jinsa a ƙetaren ruwa, yanzu sai ido. In ya so abu ya buɗe baki, sai wani sauti ya fito wanda shi kansa yake jin kunyarsa, sai ya rufe ya juya fuska. Anti ce ke yi masa komai, wanka, aski, ba shi abinci a baki, ba ta taɓa bari na kama mata waɗannan ba. Takan ce, "Ke dai ki ji da waje."

Bayan la'asar, in na dawo daga sito, nakan ja kujera kusa da shi. Da na rasa abin faɗa sai na fara nuna masa hotunan tudun a waya. Na nuna masa burtalin, ya ɗaga gira. Na nuna masa tsibin duwatsu, ya yi wani ɗan murmushi da rabin bakinsa, domin shi ma ya sha tsintar dutse a gonar kakanmu. Kullum sai ya nuna wayar da haɓa, in buɗe, mu bi gonakin nan ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na tsaya a kan hoton da aka ɗauka daga sama, inda ɗakina ya fito da 'yar gonar da ke jikinsa. Ya ɗago hannun hagu da ƙyar ya ɗora yatsa a kanta. Leɓɓansa suka yi ta rawa. Na jira shi.

"Ga… gayauna," ya ce.

Kalmarsa ta farko ke nan tun faɗuwarsa. Ku da kuka tashi a nan ba ku san ta ba: 'yar gona ce da maigida ke yanka wa matarsa ko ɗansa, ya noma abin kansa bayan an tashi daga gandu. Ko haka mutanen tudun suka yi, ko ba haka ba, ƙasa ba ta faɗa mana ba, kuma ba zan iya rubuta shi a digiri ba. Amma na ƙwala wa Anti kira, ta fito da ludayi a hannu, na ce Yaya ya sake faɗa. Ya sake. Ta zauna a ƙasa a gaban kujerarsa ta rufe fuska da zaninta.

Daga nan magana ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Kafin sanyi ya wuce yana haɗa kalma uku, huɗu, yana takawa da sanda daga taga zuwa ƙofa. Alhaji Mamman ya samo wani mutum mai amana da zai riƙa tsayawa a sito. Rannan Yaya ya sa aka kira ni da Anti gaba ɗaya. Ya daɗe yana tattara kalmomin kafin ya sake su.

"Rabi. Koma. Ɗakinki… rabi ne."

Na ce, "Yaya, sai ka ƙara warwarewa."

Ya buga sandarsa a ƙasa. "Na ce koma. Halas, an gama."

Na kalli Anti. Ta ce, "Kin ji abin da ya ce. Kin yi mana abin da ba za mu iya biya ba, Gwaggonsu. Ki je ki ƙarasa abinki." Ta faɗa tana kallon bango, amma ta faɗa. Ku riƙe wannan. Na yanki tikiti, na gaya wa Madam Helen ina nan tafe farkon aiki, ta yi ta murna kamar yarinya. Anti ta fara yi mini yaji da dakakkiyar kuka na tafiya.

Ana sauran 'yan kwanaki in tashi, da safe bayan kun tafi makaranta, yana zaune yana shan kunu, kofin ya suɓuce. Kafin motar asibiti ta iso ya cika, kansa a cinyar Ummanku, ni ina riƙe da ƙafafunsa ina karanta masa abin da ya zo bakina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A nan aka yi masa sutura. Mubarak, kai kaɗai ka raka shi a cikinmu, kana tsakanin Alhaji Mamman da mutanen kasuwa, da rigar makaranta a jikinka. Har yau ban tambaye ka abin da ka gani ba.

Ba a yi bakwai ba Baffa Isa ya kira. Ba na so ku riƙe shi a zuci, Allah ya ji ƙansa. Abin da ya faɗa shi ne abin da kowane dattijo zai faɗa. Zamanku a ƙasar nan a kan bizar Abbanku yake, ita kuma a kan lasisin kamfaninsa. Da ya rasu, an ba ku ɗan lokaci ne kawai. Baffa ya ce a sayar da komai, a dawo da iyali gida. Anti ta koma gidan iyayenta a ƙauye ta yi takaba. Mubarak ya zauna a wajensa, Nusaiba a ba wa Gwaggo Lami ta Zariya, Kamalu tunda ƙarami ne ya bi uwarsa.

Na ce, "Baffa, a raba su uku?"

Ya ce, "To wa zai ɗauki huɗu a wannan zamani, Rabi? Ke ce, da kike can kina tonon rami? Kowa ya ɗauki abin da zai iya. Haka aka yi da ku, ai ba ku lalace ba."

Gaskiya ya faɗa, haka aka yi da mu. Shi ya sa na san abin. Muna da ƙane, Sabi'u, wanda aka ba wa wani kawunmu a Gusau lokacin da mahaifinmu ya rasu. Ba a zalunce shi ba, an ci da shi an tufatar da shi. Amma ya girma yana gaishe mu kamar baƙi, har ya mutu bai taɓa kwana a ɗaki ɗaya da Yaya ba. Ba ku san shi ba, kuma rashin saninsa da kuka yi shi ne abin da nake nufi.

Na samu Anti a kicin da rana tsaka, tana zaune a kan 'yar kujera da fararen kayan takaba, ba ta dafa komai. Muryar wayar a buɗe take lokacin da muke magana, ta ji duk abin da Baffa ya ce. A kan kanta ga robobin yaji da kukar da ta ɗaure mini, an jera su. Na tsaya ina jira ta ce wani abu. Da ta roƙe ni, da abin ya zo mini da sauƙi, da na samu wanda zan ɗora wa. Ba ta ba ni wannan ba.

"Rabi," ta ce, "na san abin da kike jira. Ba zan faɗa ba. Ya ce ki koma, ni shaida ce. In na ce ki zauna, ranar da na same shi me zan ce masa?"

"To yaran fa, Anti?"

"Yaran na Allah ne." Sannan ta ce, "Nusaiba ba ta iya barci sai an bar mata fitila. Ki gaya wa Lami, ke tana jin maganarki."

Wannan maganar fitilar ce ta gama da ni. Na fita na sauka ƙasa, na yi ta tafiya a cikin Karama cikin rana, na wuce masu sayar da jakunkuna suna kirana, na wuce masallaci, na wuce tashar jirgin ƙasa, ban san inda za ni ba. Ina tafe ina ganin tamfol ɗin nan a kan tudu, iska tana kaɗa shi, da rabin ɗakin da ban buɗe ba a ƙarƙashinsa. Ban taɓa son wani abu don kaina kamar yadda na so in san abin da ke wancan rabin ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce zuciyata ta yi fari ba. Na ji haushin Yaya da ya mutu, na ji haushin Baffa, na ji haushinku ku ma, ku da ba ku san komai ba. Da ƙafata ta gaji sai na tare tasi na ce a kai ni ofishin Alhaji Mamman.

Na ce masa, "Alhaji, in aka mayar da lasisin da sunana, zan iya riƙe su a nan? Su huɗun?"

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. "Za a iya, inshallah. Akwai wahala amma akwai hanya. Hajiya, karatun fa?"

"Ba shi na tambaye ka ba."

"D'accord, na ji," ya ce, ya share ido da bayan hannu. "Amma ki sani mutanen gida za su yi magana."

Sun kuwa yi. Abin da Abbanku ya bari an raba shi yadda shari'a ta ce, a gaban shaidu, kuma Alhaji Mamman yana nan da ransa, ku je ku tambaye shi. Abin da na gada ni shi ne wayar nan mai ƙara da hanyar Jebel Ali. Da na gaya wa Anti abin da na yanke, ba ta yi godiya ba, ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta kwance robobin yajin ta juye su a cikin na gida. Madam Helen kuwa na kira ta na gaya mata komai. Sannan ta ce ta fahimta, ita ma ta taɓa binne ɗan'uwa. Ta nemi izinina ta ba wa wata ɗaliba ɗakin, don kada a rufe shi ba a gani ba. Na ce ta ba ta. Ita wannan yarinyar yanzu babbar malama ce a can, ina ganin sunanta wani lokaci. Allah ya ƙara mata, ba ta ƙwace mini komai ba.

Ƙarshen lokacin aikinsu, ranar da za su mayar da ƙasa, ina sito wajen azahar muna loda katan-katan na wata Hajiya 'yar Katsina, sai ga kiran bidiyo. Madam Helen ce, iska tana watsa farin gashinta. Ta ce ba za ta bari a rufe ba sai na gani. Na shige bayan tarin kaya na tsuguna. Ta juya wayar.

Ga ɗakina gaba ɗaya, an cire igiyar, an share shi tas. Ta bi da ni a hankali tun daga dokin ƙofa. Murhun da na samu gefensa ya fito cikakke a tsakiya, da duwatsunsa da wuta ta jajanta. A rabin yamma, jikin bango, ga dutsen niƙa, na sama da na ƙasa, a haɗe, kamar jiya aka tashi daga kansa. Kusa da shi ƙasa ta ɗan lotsa. Madam Helen ta ce suna jin nan mai niƙan take durƙusawa. Taku biyu ne tsakaninsa da inda igiyata ta tsaya. Na ce ta matso da wayar, ta matso. Na ce ta taɓa mini shi, ta ɗora tafin hannunta a kai ta bar shi a can. Daga nan samarin suka shimfiɗa baƙin kyalle, suka fara zuba ƙasa da baro. Ban kashe ba, ita ma ba ta kashe ba. Ina kallo har bangon ya ɓace. A waje direba yana ta danna ham yana kiran, "Mama, yalla, za a rufe get!" Na goge fuskata da gefen gyale na fita na sa hannu aka tafi da kwantenar.

Da na koma gida kuna makarantar allo ta yamma. Ummanku ba ta daɗe da fita takaba ba, tana tsaye tana tuƙa tuwo. Na wuce zan shiga ɗaki. Ta kalle ni sau ɗaya ta rage wuta.

"Sun rufe?"

Ban san ta san ranar ba. Na ce, "Sun rufe."

Ta jawo 'yar kujerar kicin ta tura mini, ita ta zauna a kan buhun shinkafa. Duk watannin da nake nuna wa Yaya hotuna ba ta taɓa leƙowa ba, na ɗauka abin bai dame ta ba.

"Zauna," ta ce. "Ba ni labarin gidan nan. Ki fara daga bakin ƙofa, kada ki tsallake komai."

Na fara. Na gaya mata dutsen da ƙafafu suka cinye, da burtali, da gonakin da suka gangara, da sha'ir ɗin da ya ƙone, da ɗan awarwaron da ba zai shiga hannun babba ba. Ta yi ta tambaya: ina suke ɗebo ruwa, da me suke rufa a wannan sanyi, su nawa ne a ɗakin. Wasu na amsa, wasu na ce ba a sani ba. Da na zo kan dutsen niƙa da inda ƙasa ta lotsa, sai kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi kukana har na gaji, ba ta ce in yi haƙuri ba. Tuwon ya kama a gindin tukunya, muna jin ƙaurinsa, ba wadda ta tashi.

"Allah sarki," ta ce daga baya. "Baiwar Allah. Ita ma ta sha niƙa."

Ranar burodi da shayi kuka ci, kuna ta ƙorafi. Na zauna da Ummanku a gida ɗaya har kuka girma kuka watse da kanku, kowa a lokacinsa, har ranar da na rufe mata ido. Mun yi faɗa ba sau ɗaya ba, a kan gishiri, a kan tarbiyyarku, a kan na'urar sanyaya ɗaki. Amma a kan wannan ba mu taɓa yi ba, kuma ba mu sake tayar da zancen ba. Ita kaɗai na taɓa ba wa labarin ɗakin nan tun daga ƙofa har bango. Sai ku, yau.